Tabarma a Kan Sola

Aikin farko da Kaka Mode ya tafi da ni, famfon tuƙa-tuƙa ne na wata makarantar allo a Sifawa. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, na ɗauko jakar sifanu a ka kamar mai tallar fura. Muna isa na sauke, na zaro sifana zan hau kwance noti. Sai ya bugi bayan hannuna.

"Wa yac ce ki kwance? Aje. Tuƙa tukuna."

Na kama hannun famfon na tuƙa. Sakayau na ji shi, yana sama yana ƙasa ba nauyi ko kaɗan.

"Mi kij ji?"

"Ban ji komi ba, Kaka."

"To shi na ciwon. Hannu ba nauyi, ya rabu da abin da ka ɗauko ruwa. In ba sarƙa ba, rodi na. Buɗe murhi ki gani."

Na buɗe murfin kan, ga sarƙa ta tsinke tana lilo. Ba a kira azahar ba ruwa ya zo. Da na bi son raina, da mun zare bututu tara a banza.

Ku 'yan matan da kuka same ni kwanan baya kuna cewa in koya muku gyaran famfo, wai kun ga ba komai ba ne illa kwance noti da ɗaura noti, wannan ne abu na farko da zan faɗa muku. Sifana ita ce ta ƙarshe, hannu da kunne su ne farko. Famfon da sai an tuƙa an tuƙa kafin ruwa ya leƙo, ruwan zurarewa yake yi ya koma ƙasa, ko bututu ya huje ko bawul ɗin gindi ya daina riƙewa. Wanda ke ba da ruwa tsil-tsil, robarsa ta cinye. Wanda hannunsa ke rawa gefe da gefe yana kuka, boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da hannun ke juyawa a kansu. Akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau, ruwan ne babu. Shi ne ya kusa kai ni ƙasa, zan zo kansa.

Kaka Mode mahaifin innata ne. Asalinsa mahaƙin rijiya ne, daga Bodinga zuwa Shagari akwai rijiyoyin da har gobe ake kira da sunansa. Da famfo ya shigo ƙauyuka 'yan'uwansa mahaƙa suka yi ta tsaki, shi kuwa ya bi masu kafawa yana riƙe musu bututu kyauta har ya gane cikin abin. Jikokinsa maza duk ya gwada su, ɗaya bayan ɗaya suka gudu tuƙin keke napep a Bodinga. Ni da aka kai gidansa don in riƙa taya kakata aiki, ni na manne masa. Kun san wasan jika da kaka. "Matata" yake ce mini, ni in ce masa "tsohon miji". A bakin aiki dai ba wasa, ko kallon banza na yi sai na ji sunana na gaskiya: "Luba!"

Aikin da ya koya mini tsoron bakin rijiya a Mandera muka yi shi. Roba ce ta cinye, ita kuwa tana can cikin silinda a ƙarshen bututu, dole a zaro komai. Ana cire kai, a cire tanki, sannan a ɗago bututu da ƙarafan ɗagawa, mutum biyu nan, biyu can. In gaɓa ta fito sai a danƙe na ƙasa da bayis, wato ƙarfen da ke zama a bakin rijiya yana riƙe nauyin duka. A kwance bututun sama, a kwance rodin da ke cikinsa, a ajiye, a sake ɗagowa. Bututun nan cike yake da ruwa, nauyinsa ba na wasa ba ne. Ranar, wani cikin masu taya mu ɗagawa ya saki hannu ɗaya zai amsa waya, alhali bayis bai gama kamawa ba. Bututu ya zame. Kaka ya tare ƙarfen ɗagawa da ƙwaurinsa, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Bai yi ihu ba. Ya ce mini, "Ɗaure." Na ɗaure bayis. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi wayar mutumin, ya jefa cikin jakar sifanu.

"In munka gama ka amsa. Da ruwan garin ga ya hwaɗa rijiya, wanda yak kira ka za shi hiddo shi?"

Jini na bin ƙafarsa muka ƙarasa aikin. Tun daga ranar na riƙe ƙa'idojinsa kamar karatu. Noti ba ya zama a bakin rijiya, ƙwarya ake kifawa gefe a zuba shi. Bututu ba ya kwanciya a ƙasa, kan itace ake jera shi, don cikin ruwan da mutane za su sha zai koma. Wanda ya taɓa giris sai ya wanke hannu kafin ya taɓa silinda. In za a tashi ko da salla ce, a toshe bakin da tsumma mai tsabta, don akuya da yara ba su san darajar rami ba.

Masu kiran aiki kuwa iri-iri ne. Maza ke kira, amma mata ke da labari. In muka isa gari Kaka zai gaida maigari yadda ya kamata, "Allah shi ba ka nasara, Allah shi ƙara girma," ya saurari dattawa suna rantsuwa jiya-jiyan nan famfo ya lalace. Sai ya ƙyafta mini ido in shiga cikin mata. Can zan ji gaskiya: ai tun ƙaramar salla yake tari, ai sai an tuƙa sau talatin, ai yara ke lilo a hannunsa. Da na fito na faɗa masa, ya riga ya san kayan da za mu sayo a Bodinga. In mun je shago ba ya karɓar roba sai ya lanƙwasa ta ya kai hanci. Mai kyau tana dawowa daidai, ta banza tana yin fari a wurin lanƙwasar.

Akwai garin da wani ya tsaya hannu a aljihu ya ce, "Mode, duk ƙasag ga ba ka samu namiji ba sai macce?"

Kaka ya ce, "Na samu mana. Ga ku nan tsaitsaye kuna kallo."

Da aka zo aurena, wani ƙauye kusa da Mandera aka kai ni. Maigidana, Baban Habiba, manomin albasa ne. Ranar da ya je gaida Kaka, tsohon ya ce masa, "Sanusi, ka ƙwace man mata, na yahe. Amma hannuwanta nawa na, ka bar man su." Ya yi dariya ya amsa, kuma bai taɓa saɓawa ba. In aiki ya fito ina tafiya. Da na haifi Habiba, in aikin na kusa ne in goya ta, in na nesa ne in bar ta wurin Inno, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu.

A shekarun nan ne sola ta shigo fadamarmu. Da can injin fetur ake ban ruwa da shi, mai kuwa da tsada, mutum na ganin fangalin shuka ya cika zai ruga ya kashe. Da aka fara haƙa burtsatse mai zurfi ana zura mata inji mai aiki da hasken rana, sai kashewa ta zama ba dole ba. Rana ba ta karɓar ko sisi. Tun hantsi ruwa ke bulbula har la'asar sakaliya, fangali ya cika ya tumbatsa, ya bi hanya, shanu su sha su yi wanka. Sola biyar aka kafa a bayan garinmu. Biyu na Alhaji Tukur ne, babban manomin albasar wajenmu. Ta Baban Habiba ita ta fi kusa da famfon gari.

Sai ga shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Gero bai yi ba, kowa ya zuba ƙarfinsa kan albasa, wanda ke da fangali ɗari ya mai da su ɗari biyu. Rani na tsakiya famfon garinmu ya fara wani hali. Da asuba ya ba da ruwa kamar ba shi ba, hantsi na ɗagawa ya fara tarin iska, kafin azahar ko ɗigo. Na buɗe kai, sarƙa lafiya. Na tuƙa na saurara, roba lafiya. Mata suka koma layi tun kiran salla, wadda ta makara ta koma da bokiti wayam. Suka sa ni gaba.

"Luba, na kowa kin gyara, na ƙohwar gidanki ya gagare ki?"

Kaka na Sifawa kwance da ciwon gwiwa. Na san abin da ake yi in ruwa ya yi ƙasa, kowane mai gyara ya sani: a ƙara bututu a bi shi. Na kuma san Kaka ba ya ƙarawa sai ya auna zurfin rijiya da inda ruwa ya tsaya. Amma igiyar awo tana wurinsa, zuwa Sifawa da dawowa wuni ne, ga mata na jira. Na ce ai na san rijiyar garinmu. Na tara maza huɗu, na ƙara bututu biyu.

Ranar farko ruwa ya zo har da tsakar rana, aka yi mini guɗa. Rana ta uku ya fito ja, in ka tara a moɗa yashi na kwanciya a gindi. Rana ta huɗu hannun famfo ya ƙage, ko ƙato ya hau ba ya motsi. Ashe na dasa silinda cikin yashin gindin rijiya. Da can ana samun na asuba. Yanzu da hannuna na kashe har shi.

Gari ya koma shan ruwan tafki, inda shanu ke shiga har gwiwa. Mu gidanmu ba mu sha shi ba, don Baban Habiba na ɗauko mana jarka biyu daga gona a babur kullum. Sai dai Habiba ta fara tafiya, shekararta ɗaya da 'yan watanni. Yarinyar ƙauye kuwa ba ruwan gidansu kaɗai take sha ba. In na juya baya ta bi ta kafar katanga ta shige gidan Inno, ta tsaya gindin randa tana miƙa hannu, wa zai hana ta? Inno ba ta da ɗa mai sola, na tafki take tacewa da ɗankwali. Na roƙe ta, na kai mata rabin jarka, amma gidan da ke gaba fa, da na gaba da shi? Na koma bin yarinya kamar inuwa, duk moɗar da ta ɗauka in fizge, ta yi ta kuka.

Kwana takwas da ƙagewar famfo zawo ya kama ta. Kafin wuni biyu idanunta sun faɗa, maɗigarta ta lotsa, in na ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Muka kai ta asibiti a Shagari aka sa mata ruwa. Ma'aikaciyar asibitin ta tambaye ni ruwan me take sha. Na ce na burtsatse. Ta dube ni kawai, ta ce in ta sake shan abin da ta sha, ba lalle a ci sa'a irin ta yau ba.

A hanya Baban Habiba ya ce, "Ban gane ba. Ba ni kawo maki ruwa kullum?"

Na ce, "Kana kawowa. Gida nawa Habiba ka shiga a wuni?"



Na aika wa Kaka. Washegari sai ga shi a keke, ƙafa miƙe a kan buhu, jakar aiki a cinya. Aka ajiye masa kujera gindin dogonyaron da ke gefen famfo, muka zare bututu goma sha ɗaya da ƙyar. Da silinda ta fito ya zura yatsa ciki, ya fito da yashi, ya murza.

"Matata, ashe sana'a kis sake? Da kin hwaɗa man yashi kike haƙa, da na zo maki da jaki."

Mutane suka yi dariya. Ni ko ɗaga kai ban yi ba.

"Gindin rijiyag ga gaba nawa na?"

"Ban auna ba."

"Ruwa hwa, gaba nawa ya tsaya?"

"Ban auna ba, Kaka."

"To bisa mi kiƙ ƙara?"

Bai sake cewa komai a kai ba, har yau. Ya zaro igiyar awo ya miƙo mini. Siririyar igiya ce, a bakinta an ɗaure ɗan gwangwanin tumatir a kife, da noti a samansa don nauyi. In ka zura a hankali, gwangwanin na taɓa ruwa za ka ji "ɓul" daga can ƙasa. Nan za ka danne igiyar a bakin rijiya ka ɗaura zare. Ya ce tunda rijiya a buɗe take, ba sau ɗaya zan auna ba. In auna bayan sallar asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar, kowanne da zarensa.

Haka na yi, Habiba na goye a bayana. Zaren asuba fari ne. Da hantsi na zura, farin zare ya shige rijiya ban ji komai ba, sai da na ƙara kamu biyu. Da azahar kuwa igiya ta yi ta tafiya kafin ta taɓa ruwa. Na jawo na shimfiɗa ta gaban Kaka, ya auna da hannuwansa. Tsakanin zaren asuba da na azahar ya fi gaba biyu.

Ya ce, "Ruwa ba shi zuwa yawo da kainai. Da asuba shina gida, da rana ba shi nan. Wa ka kiran shi?"

Daga inda nake tsaye ina hango gilasan sola suna walƙiya a fadama. Ni ke kai wa Baban Habiba abinci gona, na san lokacin da ruwansa ke fara zuwa: in rana ta hau kan gilashi. Na san lokacin da yake ɗaukewa. Daidai da zarurrukan nan, ba ragi ba ƙari.

Na ce, "Sola ta, Kaka."

"Ni ban ce ba. Ke kic ce."

A ranin nan kuwa ba abin da ake yi a rediyo da majalisar maza sai zancen dokar ruwa. Manoma sun tsane ta tun ba su gan ta ba. Wai gwamnati za ta sa wa ruwan Allah kwaɗo. Baban Habiba ma haka yake cewa, ni ma ban musa ba, don ban san cikinta ba. Kaka ne ya sa aka kai shi wurin maigari, ya ce dokar nan ta kafa kwamitin ruwa na yanki, a kira su, ranar amfaninsu ce ta zo.

Bayan kwana biyu wani ma'aikacin ruwa ya zo. Aka taru a bakin famfo da tsakar rana, maza gaba, mata daga bayan dogonyaro. Ya yi bayanin dokar da Hausa sarai, ga abin da na riƙe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba rijiya-rijiya yake ba, shimfiɗe yake ƙarƙashin garuruwa da yawa, wanda ya ja a nan ya rage wa na can, saboda haka yanki ɗaya zai riƙa shawara ɗaya. Ba a sake haƙa burtsatsen noma sai an nemi izini an duba nisanta da ruwan sha. Noman rani a riƙa matsar da shi ga ruwan dam da gulbi da wanda aka tara na sama, a bar na ƙasa ya huta. In kuwa ruwan sha da na gona suka yi karo, na sha ne gaba. Ina ji ina kallon Kaka. Abin da tsohon nan ya sani da ƙafarsa a cikin rami, shi wasu suka zauna suka rubuta.

Alhaji Tukur ya miƙe ya gyara riga. "Allah shi ba maigari nasara. Tawa rijiya daban, tasu daban. Rashin damina na, kowa ya sani. Yanzu don macce ta ɓata famfo sai a aza ma albasarmu?"

Ma'aikacin ya ce kwamiti na da ikon tsara lokacin jan ruwa, amma ba ya yanke komai da ka, sai da awo.

Kaka ya ce, "An auna. Luba, taho."

Baban Habiba na zaune a sahun gaba cikin manoma. Na bi ta gabansa da igiya a hannu. Na shimfiɗa ta a ƙasa, na nuna zare ɗaya-ɗaya, na faɗi lokacin kowanne. Na ce famfo ni na ɓata shi, ban ɓoye ba, amma tun kafin in taɓa shi ruwan ke gudu da hantsi, kuma lokacin da yake gudu shi ne lokacin da sola ke tashi. Na ce wadda ta fi kusa ta gidanmu ce.

Alhaji Tukur ya ce, "Gwangwanin tumatir za shi yi muna shari'a?"

Ma'aikacin ya buɗe jakarsa ya fito da nasa abin awon, tef mai tsawo da ke yin tsuwa in ya taɓa ruwa. Ya zura, ya yi "tsiii". Ya jawo ya jera da igiyata. Tsakaninsa da zaren azahar bai kai faɗin yatsa uku ba.

Kaka ya ce, "Naka na kuka, nawa na tari. Ciwo guda sunka gani."

Alhaji bai saduda ba. Ya ce to ruwa na sauka da rana, an ji, amma wa ya ce sola ce? Ko zafi ne. Ma'aikacin ya ce abu mai sauƙi, a kashe duka biyar wuni ɗaya a sake aunawa. Nan fa wuri ya kaure. Wannan ya ce in ya kashe, wancan zai kunna a ɓoye. Wancan ya ce ai shi ma ya san halin wannan. Maɓalli a cikin akwati yake, akwati a cikin gona, wa zai tsaya gadin wa? Maigari ya yi ta ɗaga hannu ba mai ji.

Kaka ya buga sandarsa a jikin bututu, ƙarar ta sa aka yi tsit.

"Ku bar maɓalli, ɓoye shike. Kowa shi aza tabarma bisa gilashinai. Daga nan inda nike zaune ina ganin wanda ya ruhe da wanda bai ruhe ba. Ko makaho shi tambayi jikanai."

Aka yi dariya, aka watse ba tare da kowa ya ce ya yarda ba. Da dare Baban Habiba ya shigo gida. Albasarsa ta fara ɗaura kai, lokacin da ta fi son ruwa ke nan. Na ajiye masa tuwo ya ci, ya wanke hannu, ya fita.

Da na idar da sallar asuba na nemi tabarmar tsakar gida in shimfiɗa wa Habiba, babu. Ta ɗaki ma babu. Na goya ta na nufi famfo da igiya. Gari na wayewa na hango su a fadama, tabarmina biyu, an ɗaure su da igiyar rama a kan gilashin Baban Habiba. Kafin rana ta fito sosai na biyu ya rufe, sai na uku. Na Alhaji Tukur suka rage suna ƙyalli su kaɗai, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya nuna da baki. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ga ana ja musu buhunan albasa.

Da azahar gari ya taru ba wanda ya kira. Na cire tsumma, na fara zura igiya. Kaka ya ce kowa ya yi shiru. Farin zare ya zo bakin rijiya, ya shige. Na ƙara kamu ɗaya.

"Ɓul."

Har na bayan dogonyaro sun ji. Inno ce ta fara guɗa.

A wurin aka yanke, ma'aikacin ya rubuta, maigari da masu sola huɗu suka sa hannu. Tabarma na kan sola daga asuba zuwa azahar, mata su ɗebi na wuni, sannan a yaye. Ba a ƙara haƙa wata a bayan gari. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Rabin wuni bai ishi fangalin da aka faɗaɗa ba. Baban Habiba ya zaɓi na nesa da bakin ruwa ya bar su suka bushe yana kallo, sauran ma albasar ba ta yi girman ta bara ba. Da rani ya zagayo kwamiti ya samar musu fili kusa da dam, shi da mutum biyu suka mai da yawancin albasarsu can. Tafiya ce mai nisa a babur, kullum ya dawo sai ya yi mitar ƙugunsa. Alhaji Tukur kuwa yanzu shi ke fara aika a tambayi wanda ya makara da rufewa.

Ranar mayar da famfo, sabuwar silinda muka sayo a Bodinga, don yashi ya karce cikin tsohuwar. Kaka bai taɓa ko noti ba, yana kujera yana kallo. Na auna gindi, na auna ruwa, na mai da bututu tara kamar yadda suke tun asali. Baban Habiba na cikin masu riƙe ƙarfen ɗagawa. Da na ɗaura sarƙa na rufe kai, na kama hannu na tuƙa. Nauyi ya zo daidai. Ruwa ya fito ja, ya koma fari-fari, muka bar shi yana zuba har ya zama garau. Kaka ya tara tafin hannu ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye.

"To, matata. Na mai da ki ɗakinki."

Na cika bokiti biyu. Baban Habiba ya ɗauka ya nufi ƙofarmu.

Na ce, "Ba nan ba. Gidan Inno."

Ya tsaya ya dube ni, sannan ya juya. Muka kwashe na tafki daga randarta muka zubar, na wanke ta da toka har sau biyu, ya juye sabon. Habiba ta zame daga bayana, ta taka dagwai-dagwai zuwa gindin randa ta miƙa hannu. Inno ta ɗebo a moɗa, ta tsaya tana kallona.

Na ce, "Ba ta, Inno."

Ta kama da hannu biyu ta kafa kai, ruwa na bin haɓarta har cikin riga. Na bar ta ta shanye.